Daminar da Malam Ya Shiga Majalisa

Ruwan bana ya yi mana tsaiko bayan noman fari. Gero ya soma naɗe ganye da tsakar rana, in ka leƙa bayan gari sai ka ga manoma tsaye a kan iyaka suna duban gabas. Ana cikin haka, rannan da hantsi ina tsintar wake a inuwar darbejiya, rediyo a gefena, na ji mai labarai yana cewa an kwashi sababbin 'yan majalisa an kai su bita, za a koya musu yadda ake zama da tashi da magana a zauren majalisa. Sai na ajiye faifan, na daɗe ban ɗauka ba. Fari da bita sun taɓa haɗuwa a gidan nan, tun gashina bai san furfura ba.

Maigidana, Malam Haladu, Allah ya jiƙansa, shi ne hedimastan firamaren garinmu a lokacin. Mutum ne dogo, marar jiki, mai saurin magana. In abu ya dame shi ba ya iya jira ka kai aya, sai ya tare ka. Muna zaune da mahaifiyarsa, Inna Kande, da yaranmu uku duk ƙanana. Ƙaninsa Sule yana sashen da ke bayan namu da iyalinsa, gandu ɗaya muke nomawa.

Malam bai nemi siyasa ba, dattawan gari ne suka yi ta zarya a zaurenmu har ya amsa. Suka ce shi ne mai boko, shi ne ba ya jin nauyin baki, in ya je majalisar jiha zai faɗi abin da ke damun ƙauye. Aka yi zaɓe a tsakiyar damina, ya ci. Ranar da labari ya zo mata suka cika tsakar gidan nan da guɗa, na dama fura har hannuna ya yi tsami.

Amma daminar tun farko ba ta zo da daɗi ba. Shukar farko ta ƙone a rami, aka sake. Ta biyu ta tashi, muka ce Allah ya kawo sauƙi. Gero ya kai ƙugu, ya yi ciki, wasu gonakin har ya fara fitar da kai. Daidai lokacin da yake neman ruwa ido rufe, sama ta ɗauke. Hadari yakan haɗu da la'asar, ya yi baƙi ƙirin ta gabas, iska mai sanyi ta taso, mu kwashe shanya da gudu, mu jera tukwane a bakin indararo. Sai iskar ta watsa shi, gari ya sake yin wasai. Washegari rana ta fito kamar an hura ta. Ƙasa ta yi zafin da yara ba sa iya tsallaka tsakar gida ba takalmi. Maza suka fita roƙon ruwa, riguna a juye, suka dawo, suka sake fita. Mu mata muka yi gumbar sadaka da ɗan abin da ke hannu. Ruwa bai zo ba.

A cikin wannan hali aka kira su Malam zuwa Kano, wai kafin a rantsar da su sai an yi musu bita. Yakan tafi farkon mako, ya dawo ranar Alhamis da yamma. Da yake malamin makaranta ne, abin da duk aka koya masa sai ya koyar da wani kafin ya zauna masa. Mu ne ɗalibansa, ni da Inna.

Wata Juma'a bayan la'asar ya zaunar da Inna a kan kujerarta 'yar tsugunne, ya ce ita ce Kakakin majalisa. Ya ɗauko taɓaryata ya kwantar a gabanta, ya ce wannan ce sandar majalisa. Ni kuma ya ce in zauna ta hagu, ni ce 'yar adawa.

Inna ta ce, "To ita sandar me take yi?"

Ya ce, "In ba ta nan babu zama, Inna. Ko me aka faɗa, kamar ba a faɗa ba."

"Ikon Allah. Mutane da gemunsu."

Ya yi dariya, ya ci gaba. Ba ka magana sai ka miƙe Kakaki ya gan ka ya ba ka izini. Ba ka fuskantar wanda kuke gardama da shi, Kakaki kake wa magana. In kana son a yi wani abu, sai ka rubuta shi ƙuduri, ka ba da sanarwa, a sa maka rana, kuma sai wani ya tashi ya mara maka baya kafin a tattauna. Ba ka kiran sunan ɗan'uwanka, sai dai ka ce mai wakiltar wuri kaza.

Nan ne Inna ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ashe dai suna da kunya." Ita da ba ta taɓa kiran sunan Malam ba, don shi ne ɗanta na fari. Tun yana yaro "wannan" take ce masa, da ya fara koyarwa ta koma ce masa Malam kamar kowa.

Ya miƙe, ya gyara riga, ya ce, "Mai girma Kakaki." Inna ta kau da kai, ta ce ba ta gan shi ba. Ya sake, ta ce har yanzu ba ta gan shi ba, ya zauna tukuna ya koyi haƙuri. Muka yi ta dariya har yara suka taru. Ina jin wannan ce dariya ta ƙarshe da aka yi da gaske a gidan a shekarar.

Kaka ta zo babu abin zuwa da shi. Gandun da yake cika mana rumbu biyu har a tara sauran dammuna a kan rufin soro, abin da aka kawo gida bai kai wuyan rumbu ɗaya ba. Zangarniyar siririya, in ka murza a tafin hannu ka hura, sai ka ga 'yan ƙwayoyi kamar an yi maka rowa. Dawa ko kai ba ta fitar ba, aka yanke ta kara don dabbobi. Gyaɗa in ka fasa, kwanso ne fayau. Mukan haɗu mu matan unguwa mu yi sussuka a gida ɗaya, gobe mu koma wani, kamar yadda aka saba, amma babu waƙa, kuma kafin rana ta take an gama. Sheƙa kuwa ƙaiƙayi ne yake tafiya, ɗan abin da ya rage a ƙwarya sai ka ji kunyar kallonsa.

Tun a lokacin muka sauya girki. Tuwo ya koma na dare kaɗai. Da safe koko tsararo, wanda kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Da rana fate-faten tsaki, ganye ya fi tsakin yawa. Muka bi jeji muka tsinke tafasa da rama da yakuwa, muka shanya muka adana. Dusar da muke ba awaki muka fara tankaɗewa muna mayarwa tukunya. Garin rogo ya shigo kasuwar Bagwai daga kudu, tsofaffi ba su saba da shi ba, yana kumbura musu ciki. Rijiyar unguwa ta yi ƙasa, aka ƙara wa guga igiya, aka sake ƙarawa. Ruwan yakan fito ja, sai an bar shi ya kwanta. Samari ba su jira ƙarshen kaka ba suka tafi cin rani, wasu birni, wasu bakin dam ɗin Watari neman ƙwadago. Yanzu in damina ta yi gardama, ka ga motocin hatsi daga kasuwar Dawanau har bakin titi, mai ɗa a birni ya buga masa waya. A lokacin in rumbunka ya ƙare, sai na maƙwabci, shi ma nasa ka san yadda yake.

Mutane suka ɗauka tun da Malam ya shiga majalisa, gidanmu ya zama rumbun gari. Yakan zo da buhu ranar Alhamis, iyakar ƙarfinsa, amma buhun ba ya ganin Litinin. Maza a zaure, mata a tsakar gida da ƙoƙo a ƙarƙashin mayafi, su zauna su yi ta gaisuwa ba su faɗi abin da ya kawo su ba. Inna ce mai rabo. Ba ta taɓa barin mace ta buɗe baki ta roƙa ba, sai ta ce, "Kawo ƙoƙon nan in gani, irin wanda nake nema ne." Ta shiga ɗaki da shi ta fito da shi a rufe.

Daga nan ta fara azumi. Da farko Litinin da Alhamis, ba wanda ya yi mamaki. Sai ta ce tana da ramuwa tun na ƙuruciya. Sai ya zama yau ta yi gobe ta sha, daga baya ma na daina ganin ranar shan. In na kai mata tuwon buɗa baki, ta yi loma biyu, ta kira jikoki su kewaye kwanon.

Na ce, "Inna, wannan ramuwar ba ta ƙarewa ne?"

Ta ce, "Rabi, ke kika san abin da na sha kafin a haife ki?"

Na gaya wa Malam. Ya yi mata magana, ta ce tsakaninta da Ubangijinta ne, ya je ya ji da majalisarsa.

Majalisar ma ba ta zo masa da sauƙi ba. Bayan an rantsar da su, a zamansu na farko-farko, ya tafi da zangarniyar gero daga gonarmu a cikin aljihun babbar riga. Ana tsakiyar maganar rabon kwamitoci da ofisoshi, ya kasa daurewa. Ya miƙe ba a ba shi izini ba, ya ɗaga zangarniyar, ya ce su duba abin da mutanensa suka girba. Wani ya yi ihun ya saɓa ƙa'ida. Kakaki ya buga guduma ya ce ya zauna. Bai zauna ba, ya ci gaba, aka yi ta buga tebur har muryarsa ta ɓace. Aka ce duk abin da ya faɗa kada a rubuta.

Ya dawo gida a wannan makon ko abinci bai nema ba. Ya zauna a bakin ƙofar Inna, ya ba mu labari, kansa a ƙasa. Ya ce, "Mutane suna cin dusa, su suna maganar wa ya tashi kafin wa."

Inna ta ce, "An koya maka ko ba a koya maka ba?"

"An koya mini."

"To ko gidan Sule za ka shiga, ai sai ka yi sallama an amsa. Ka koma ka bi ta ƙofarsu. Ba don kanka ka je ba."

Ya ce tsohon akawun majalisa, wanda ya koyar da su a bita, shi ma abin da ya gaya masa ke nan. Dattijon ya kira shi ofis bayan an tashi, ya ce ya ga zangarniyar, shi ma ɗan manomi ne. Ya ce ƙa'idojin nan da ya raina, su ne za su tilasta kowa ya yi shiru ya saurare shi in ranarsa ta zo, har wanda ya ƙi jininsa.

Malam ya koma ya bi ta ƙofarsu. Kullum bayan an tashi zama ya je wurin dattijon. Suka rubuta ƙudurin tare: gwamnati ta fitar da hatsi ta kai ƙauyukan da fari ya ci, a ba manoma iri kafin damina mai zuwa, a yashe rijiyoyi. Ya yi ta neman wanda zai mara masa baya, har ya samu wani daga ɗaya jam'iyyar, wanda ƙasarsu ta fi tamu ƙonewa. Ya ba da sanarwa, ya shiga layi. Mako ya bi mako. Sanyi ya shigo, yara suka fara tari, ƙafafun tsofaffi suka fara kumbura. A gida yakan tsaya a bayan rumbu shi kaɗai yana maimaita jawabinsa, yana koya wa bakinsa tafiya a hankali. Daga ƙarshe aka sa masa rana, wata Talata, a makon ƙarshe kafin majalisa ta tafi hutu.

Ranar Asabar kafin wannan Talatar Inna ta kwanta. Zawo ne ya kama ta, kuma babu jikin da zai ɗauka. Malamin asibiti ya zo ya duba ta ya ba da magani. Malam ya ce a kai ta Kano, ta ce ba za a jijjiga ta a mota ba. Na yi mata kunu mai kauri da geron da na ɓoye, ta kurɓa kaɗan ta ture. Da na ɗaga ta zan gyara mata shimfiɗa, na ji ta a hannuna kamar damin kara.

Ranar Litinin da safe Malam ya shiga ɗakinta, ina zaune ina mata fifita. Ya durƙusa ya ce, "Inna, na fasa tafiya."

Ta buɗe ido. Ta ce, "In ba ka je ba, wani zai faɗa a madadinka?"

"A'a. Wanda ya kawo ƙudurin shi ne zai tashi. In aka kira ba na nan, ya faɗi ke nan, sai a sake layi bayan hutu."

"Bayan hutun su wa za su rage?"



Ta ci gaba, "Zamanka a nan ba zai ƙara mini kwana ba. Ga Sule, ga Rabi. Mutanen nan sun tsaya a rana sun zaɓe ka, ba don ka zo ka yi mini fifita ba. Tashi ka tafi. Na yafe maka duniya da lahira."

Ya daɗe a durƙushe. Ta miƙa hannu ta dafa kansa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ya tashi ya fita, bai waiwayo ba, na ji shi yana gaya wa Sule zai dawo gobe da zarar an tashi.

Ta cika ranar Talata da hantsi, kanta a cinyata, tana salati. Sule ya tura mutum a keke zuwa bakin titi ya hau mota ya je ya sanar. Kafin ya isa an tashi zama, Malam ya riga ya nufi tasha, suka yi saɓani a hanya. Liman ya jira har aka yi azahar, ya ƙara jira kaɗan, sannan ya ce haƙƙinta ne a kai ta. Aka kai ta.

Da la'asar sakaliya ina cikin mata a tsakar gida na jiyo muryar Malam daga nesa, yana gaisawa da wani da ƙarfi, irin muryar mai ɗauke da albishir. Sai muryar ta yanke. Ya ga tabarmi a ƙofar gida. Ya jima a waje wurin maza, suka raka shi maƙabarta, sannan ya shigo. Mata suka dare. Ya tsaya a bakin ɗakin Inna, aljihunsa cike da lemon da ya sayo mata. Ya dube ni ya ce, "An amince, Rabi. Babu wanda ya ce a'a." Sai ya zauna a ƙasa a wurin, da babbar rigarsa.

Daga ranar bai sake tayar da maganar rasuwar ba, ba ya kuma son a tayar. In masu ta'aziyya suka fara ba shi labarin yadda aka yi, sai ya ce a yi mata addu'a kawai.

Ƙudurin an miƙa shi ga kwamiti, kwamitin zai zagaya ƙauyuka ya gani da ido bayan hutu, sannan a fitar da hatsi. Haka Malam yake bayyana wa mutane a zaure, a hankali, mataki-mataki, yadda aka koya masa. Suna saurare, suna cewa Allah ya kai mu. Wasu har sun fara shirya abin da za su nuna wa baƙin.

Hutun bai ƙare ba sojoji suka karɓi mulki, aka rushe majalisu duka. Kwamitin bai zo ba. Hatsin bai zo ba. Bazarar da ta biyo baya ita ce mafi tsanani da na gani a rayuwata, gidaje da yawa a unguwarmu aka ja musu ƙaya a ƙofa, masu su suka tafi ba su dawo ba. Mu Allah ya raya mu da yaranmu. Malam ya koma aji daga baya, ya koyar har ƙarfinsa ya ƙare. Da siyasa ta dawo an zo an roƙe shi, bai sake tsayawa ba.

Safiyar da labarin sojojin ya zo, yana zaune a bakin murhu yana jin ɗumi, rediyo tana ta kiɗan soja. Ya saurari sanarwar har ƙarshe, ya kashe. Ina jira ya yi maganar majalisa ko ta hatsi. Sai ya ce, "Rabi, su wa suka sa ta a kabari?"

Na ce, "Sule ne da ɗan yayanta."

"Haƙan bai ba su wuya ba?"

Na gaya masa abin da kowa a garin ya sani ban da shi. Ƙasar maƙabarta ta yi tauri kamar dutse, masu haƙa suka yi ta sara ba ta shiga. Rijiya kuma a ranar ta ƙafe, sai an jira ta tsatso. Sai matan unguwa, ba wanda ya ce musu, kowacce ta shiga ɗakinta ta juye ruwan shan da ke randarta a tulu, aka kai. Da shi aka jiƙa ƙasar aka haƙa, da shi aka kwaɓa ta rufi. Gidaje da yawa sun wuni ranar ba su ɗora tukunya ba.

Can ya ce, "Gidan wa da wa?"

Na fara lissafa masa, ya ce in bari, ai duk unguwar ce. Ya tashi ya cire rigarsa ta sama ya rataye, ya ɗauki guga da tulu ya fita.

Matar Sule ta shigo da gudu tana cewa in zo in gani, ga Malam can a layin rijiya. Ban fita ba. Har rana ta yi tsaka ina jiyo sallamarsa, daga wannan ƙofa zuwa waccan, yana cewa a miƙo randa.